Kafin A Sayi Bindiga Mai Sakata: Abin Da Na Koyo A Kuje

Gabatarwa

A hutun kakar shekarar 2024 na je Kuje wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara 30 yana noma a wani ƙauye da ke wajejen Gaube. Ga wanda bai san wurin ba, Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya, tana kudu maso yammacin birnin Abuja, tafiyar kamar kilomita 40. Ƙasa ce ta Gade da Gbagyi, Hausawa kuma sun daɗe da zama a cikinta suna noma da kasuwanci. Doya da masara da dawa da rogo duk suna yi sosai. Kawu manomi ne da damina, maharbi da rani, yana kuma da wata tsohuwar bindigar toka da ya gada daga kakanmu.

Ran nan bayan sallar isha'i sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, tun da kai ne ɗan jami'a, kuma an ce harshe kake karantawa, zo ka juya mini maganar wannan Baturen." Bidiyo ne na wani Bature riƙe da wata siririyar bindiga mai ƙotar katako, yana ta zuba mata yabo. Ashe wani mutum ne a kasuwa ya tura wa Kawu, ya ce masa sabuwar fitowa ce, kuma zai iya kawo masa ita har gida. Kuɗin da ya yanka sai an haɗa na doyar shekarar da na ɗan bijimin da Kawu ke turke da shi kafin su kai. Kawu kuwa ya riga ya ƙwallafa rai, domin gyazbi da gafiya da birai sun addabe shi a gona.

Wannan maƙala bayani ce kan abin da na gano a makonni 3 da na yi ina bin diddigin maganar: wace irin bindiga ce, yaya ake gane mai kyau, kuma me ya kamata mutumin Kuje ya fara tambaya kafin ya kwance bijiminsa. Da yake mu ɗaliban harshe ne, zan fara daga inda na fara tuntuɓe, wato wajen fassara.

Matsalar Suna

Bahaushe ba baƙon bindiga ba ne, kalmominsa ma sun nuna haka. Ita kanta kalmar bindiga daga Larabci take, wato bunduƙiyya. Harsashi daga rasas ne, ma'ana dalma, albarushi kuma daga albarud. Wannan ya nuna ta hanyar da kayan suka fara shigo mana. Tarihi ya nuna Mai Idris Alooma na Barno ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa tun a ƙarshen ƙarni na 16, haka kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, a matsayin wanda ya fara ajiye 'yan bindiga su zama masu tsaronsa. Daga baya muka aro libarba daga Turanci, muka kuma ƙirƙiri namu na gida: harba-ka-ruga, bindigar toka, mai jigida. Wadda ta fi burge ni ita ce kunama, sunan da muka ba ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa. Duk wanda ya raɗa wannan suna ya lura da lanƙwasar wutsiyar kunama, ya kuma lura da abin da ke biyo bayan taɓa ta.

Bari in ɗan ratse. A da, idan aka ce 'yan bindiga, tunanin mutum kan tafi ga bayin sarki masu buga bindiga ranar hawan sallah, yara na bin su suna murna da ƙarar. Yau idan rediyo ya ce 'yan bindiga, gaban mutum faɗuwa yake yi. Kalma ɗaya ce, amma a cikin 'yan shekaru ma'anarta ta sauya gida. Wannan ya isa abin da wani daga cikinmu zai rubuta kundin digiri a kansa.

To, duk da wannan arziki na kalmomi, Baturen nan yana buɗe baki ya faɗi kalmomi biyu da suka tsayar da ni: bolt-akshin da rimfaya. Ta farko ba ta ba ni wuya ba bayan na kalli hannunsa. Wani ƙarfe ne mai mariƙi a gefen bindigar, ya ɗaga shi, ya ja baya, ya tura gaba, ya sauke. Na waiwaya na dubi ƙofar ɗakin Kawu, sai ga irinsa sak. Na ce, "Kawu, bindiga ce mai sakata." Ya ce, "Af, irin ta 'yan sandan da ke nan." Gaskiyarsa, domin bindigar Lee-Enfield da Ingila ta fara ba sojojinta a 1895, wadda sojoji da 'yan sandanmu suka daɗe suna saɓawa, mai sakata ce. Tsarin ma ya girme ta, tun a 1841 sojojin Furusiya suka karɓi bindigar Dreyse, kamfanin Mauser na Jamus kuma ya fitar da wadda ta fi shahara a 1898. Aikin sakatar shi ne, idan an ja ta baya ta fizgo kwanson da aka harba ta yar, idan an tura ta gaba ta ɗauko sabon harsashi ta cusa, idan an sauke mariƙin ta kulle bayan bututu. Harbi ɗaya, jan sakata ɗaya.

Kalma ta biyu ce ta kai ni har gidan wani tsohon soja maƙwabcin Kawu, wanda ya yi aiki a ɗakin ajiyar makamai kafin ya yi ritaya. Mutanen unguwa Baba Saje suke ce masa. Mafi yawan abin da zan faɗa a kan ƙarfe da katako daga bakinsa na ji, sauran kuma na karanta.

Ƙyastu A Leɓe, Ƙyastu A Cibiya

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da albarushi a cikinsa, da ƙwayar dalma a bakinsa, sai wani sinadari ɗan kaɗan a gindinsa wanda ke kamawa da wuta idan an doke shi. Idan aka ja kunama, wata allura ce ke zabura ta doki wannan sinadari, shi kuma ya kunna albarushin. Aikinsa ke nan irin na ƙyastu, shi ya sa na ara masa wannan suna.

A yawancin harsasai, kamar na AK-47 ko na bindigar farauta mai baki biyu, ƙyastun yana tsakiyar gindin kwanso, ɗan kewayayye kamar maɓalli. A irin wanda Baturen ke magana kuwa, babu wannan maɓalli. An zuba sinadarin ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson, allura ta zo ta daki leɓen ta murƙushe shi. Saboda haka na ce wa Kawu, akwai harsashi mai ƙyastu a cibiya, akwai mai ƙyastu a leɓe. Nan take ya gane. Kwana biyu bayan nan sai na ji shi yana ce masa ɗan leɓe kawai. Na ce a raina, lallai mai amfani da kalma ya fi mai ƙirƙirarta sanin tsawon da ya kamace ta.

Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845. Wanda ya cika duniya a yau shi ne ake rubutawa .22 LR, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fitar a 1887. Lambar .22 faɗin ƙwayar ce a ma'aunin inci, wato kamar milimita 5.6, bai kai kaurin fensir ba. Nauyin ƙwayar da aka fi sani kamar giram 2.6 ne, tana kuma fita da gudun mita 330 ko sama da haka a daƙiƙa guda. Da shi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik. Akwai 'yan'uwansa da suka fi shi ƙarfi, kamar .22 WMR na 1959 da .17 HMR na 2002, kuma duk da kamanninsu ba a musanya su a bindiga ɗaya.

Duk halayen wannan harsashi daga leɓen nan suka taso. Tun da sai allura ta murƙushe tagullar, dole ta zama marar kauri. Tagulla marar kauri ba ta jure matsin albarushi mai yawa, don haka harsashin ƙarami ne, ba shi da ƙara sosai, ba ya kuma tokarin kafaɗa. Yana da arha a ƙasashen da ake yin sa. Amma jifa-jifa yakan ƙi tashi, idan sinadarin bai zagaye leɓen ko'ina ba. Sannan kuma, wanda ya fi shafar Kawu, kwanson da aka harba ya gama aiki, ba a sake ɗura shi. Mai bindigar toka shi ke ɗura abarsa da hannunsa. Mai wannan kuwa ya dogara ne ga kwalin da aka yo a wata ƙasa. Baba Saje ya ce, "Ranar da kwalin ya ƙare, sanda ce ka saya da kuɗin sa."

Shin Sabuwa Ce?

Bindigar da ke cikin bidiyon ita ce CZ 457, ƙirar wani kamfani da ke garin Uherský Brod a Jamhuriyar Cek. Abu na farko da na gano shi ne ta shiga kasuwa tun 2019, bidiyon ma na wannan lokacin ne. Wato "sabuwar fitowar" mutumin kasuwa ta shekara 5 a duniya. Kuma ko a lokacin da ta fito, jika ce ga CZ 452 kuma 'ya ga CZ 455 ta 2010. Abin da aka sauya shi ne an rage ɗagawar mariƙin sakata daga digiri 90 zuwa 60 don kada ya riƙa gugar madubin hange, an kuma mayar da makullin kariya gefe, ana tura shi gaba idan za a yi harbi. Gyara ne mai amfani, amma harsashin na 1887 ne, kuma zomo bai san bambanci ba. Tana da kishiyoyi a kasuwa, irin su Ruger American Rimfire ta Amurka da ta fito a 2013, da Tikka T1x ta Finlan da ta fito a 2018.

Kawu ya ɗan ji haushi da ya ji ba sabuwa ba ce. Ni kuwa a ganina wannan ne ma labari mai daɗi ɗaya tilo a cikin maganar. Kayan da ya shekara 5 a hannun dubban mutane ya riga ya tona asirin kansa. Wanda ya fito jiya kuwa, abin da kawai aka sani a kansa shi ne abin da masu shi suka faɗa, da abin da waɗanda aka aika wa kyauta ko aro suka faɗa. Mai irin wannan bidiyo yakan karɓi bindiga guda, ya harba ta yini ɗaya da harsashi mafi tsada a rana marar iska, sannan ya yi hukunci. Ba lallai ƙarya yake yi ba, amma shaidar yini ɗaya ce. Manyan kamfanoni ma sukan yi kuskuren da ba ya bayyana da wuri. Alal misali, a 2014 kamfanin Remington na Amurka ya nemi a mayar masa da bindigogi samfurin 700 da ya ƙera tun daga 2006, saboda kunamar wasunsu na iya tashi ba tare da an ja ta ba. Shekara 8 ke nan kafin a yi kiran. Mutumin Amurka zai mayar a gyara masa kyauta. Mutumin Gaube fa, wa zai mayar wa?

Yadda Ake Duba Ta

Na tambayi Baba Saje, da a ce ga ta nan a kan tabarma, me zai duba? Ya ce kafin komai zai cire gidan harsashi, ya ja sakata baya, ya leƙa da idonsa ya tabbatar babu komai a ciki, ko da wanda ya miƙo masa ya rantse da Alƙur'ani. Kuma duk tsawon dubawar bakinta ba zai kalli kowa ba.

Daga nan sai lamba. Kowace bindigar kamfani tana da lambarta a jiki, kuma dole ta yi daidai da wadda ke takarda. Idan an goge ta ko an kankare, magana ta ƙare, domin wannan kayan sata ne ko na ta'asa. Bindigogin Cek da na ƙasashen Turai da dama suna kuma ɗauke da hatimin gwaji, shaidar cewa an harba su da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi ba su fashe ba.

Sai bututu. Akan zare sakatar gaba ɗaya a ɗaga bututun wajen haske a leƙa ta baya. A ciki akwai wasu tsage-tsage da suka murɗe kamar igiya, su ke sa ƙwaya ta riƙa juyawa har ta tafi a miƙe, kuma su ne babban abin da ya raba wannan bindiga da ta toka, wadda cikinta sumul yake. Ana so a gan su fes, babu tsatsa babu rami. Bakin bututun ma ana dubawa, domin shi ne wuri na ƙarshe da ƙwaya ke taɓawa, ɗan lotsawa kaɗan a nan ya isa ya karkatar da ita. Akwai kuma wani ciwo da ya keɓanta ga 'yan leɓe. Idan ana yawan jan kunama babu harsashi a ciki, a wasu ƙirar allurar kan doki gefen ramin da harsashi ke zama har ta yi masa tabo, daga nan kwanso ya riƙa maƙalewa. Wannan tabo, in ji Baba Saje, shi ke tona asirin bindigar da aka ce sabuwa ce alhali ta sha hannu.

Sakata ana so ta tafi sulɓi, ba ta cije ba, ba ta kuma yi lako-lako ba. Kunama ana so ta saki a wuri ɗaya kullum. Wadda ta yi tauri tana jan hannu ya kauce daga saiti, wadda ta yi laushi fiye da kima kuma hatsari ce ga mai ratsa ciyawa da ƙaya. Makullin kariya dole a gwada a ga yana hana kunama aiki. Ya ce amma kada mutum ya ba makulli amanarsa, ƙarfe ne, yana iya cin amana.

Da ya zo kan ƙota sai ya yi dariya, don ya san ita ce ta sace zuciyar Kawu. Katakon yana da kyau, babu musu. Amma Kuje tana shan ruwa daga Afrilu har Oktoba, sannan hunturu ya zo ya busar da komai. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, idan kuma ya motsa yakan danni bututu, sai saitin da aka yi a watan Agusta ya ƙi aiki a Janairu. Ƙotar roba ba ta da kyan gani, amma ba ruwanta da yanayi.

Duk wannan duba ne na ido. Gwaji na gaskiya sai an harba. Yadda masu abin ke yi shi ne a kafa takarda a nisan mita 50, a bayanta akwai tudun ƙasa, a ɗora bindigar bisa buhun yashi don a fitar da rawar hannu daga lissafi, a yi harbi 5 a wuri ɗaya, a auna tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa. Ba sau ɗaya ba, a maimaita kamar sau 5, domin sa'a kan ba mutum taro ɗaya mai kyau. Bindiga mai kyau takan tara su cikin faɗin santimita 2 zuwa 3, ko ƙasa da haka. Kuma a gwada harsashin kamfanoni daban-daban, saboda irin waɗannan bindigogi suna da tsirfa, guda biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya rana ɗaya kowace na iya zaɓar nata. Bayan mita 50 kuwa ƙwayar faɗuwa take yi da sauri, kafin ta kai mita 100 ta sauka kusan taƙi guda, iska kaɗan kuma tana kaɗa ta gefe.

Da ya kai nan sai ya dube ni ya ce, "To ɗana, a ina za ku yi wannan gwaji? Wanda zai kawo muku kaya cikin buhu da dare, zai tsaya ku kafa takarda?"

Abin Da Doka Ta Ce

Wannan tambaya ce ta nuna mini cewa na fara binciken daga wutsiya. Baturen bidiyo bai yi maganar doka ba, don a garinsu ya riga ya wuce wannan mataki. A Nijeriya kuwa nan ne ƙofar shiga.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, irin su bindigogin soja da libarba da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, wato bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da doguwar bindigar farauta ko wasa, da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin ta kakanmu. Wadda Kawu ke so a kashi na biyu take. Dokar ta fito fili ta ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, ana iya hana mutum. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali a cikin shekaru 5 da suka gabata. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da izini, ba a kuma saye sai a hannun dillali mai rajista. Wanda aka kama da irin wannan bindiga babu lasisi zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5, akwai kuma Dokar Fashi da Makami wadda hukuncinta kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba ya kai shekara 10.

Al'amarin ƙara tsananta ya yi a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'arsa su nemi lasisi su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a duk faɗin ƙasa. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ƙarfafa cibiyar da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Saboda haka duk mai wannan niyya, kafin ya ba kowa ko kwabo, sai ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda da ƙafarsa ya ji inda aka kwana. Haka kuma lasisin bindiga ba lasisin kashe kowace dabba ba ne, tun 1985 akwai dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa.

Me Ke Bayan Abin Harbi?

Ko da a ce takarda ta samu, akwai sauran magana, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙanƙantar harsashin nan tana ruɗin mutane su ɗauke shi abin wasa. Masu yin sa da kansu suna rubuta gargaɗi a jikin kwali cewa yana da hatsari har nisan da ya haura kilomita 2. Bindigar toka watsa ƙwayoyi take yi, su mutu ba da nisa ba. Wannan kuwa ƙwaya ɗaya ce, idan ta kuskure birin da ke kan itace, tafiya za ta ci gaba da yi har sai ta sami abin da zai tsayar da ita. Tana kuma da halin dukan dutse ko ruwa ta canza hanya, ga ƙasar Kuje da duwatsu da rafuffuka.

Lokacin da Kawu ya zo wannan ƙauye, kafin gwamnati ta tare a Abuja a watan Disambar 1991, daji ne ta ko'ina. Yanzu na tsaya a tsakiyar gonarsa na juya. Gabas rugar Fulani ce, yara na kiwo. Arewa an yanka filaye har an fara rufin kwano. Yamma hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Babu kusurwa ɗaya da mutum zai ce kilomita 2 babu kowa. Ga gyazbi da gafiya ta yi daidai idan mai harbi yana sama yana saitin ƙasa. Ga biri a kan reshe ba ta dace ba. Ga babbar dabba kamar gadu kuma ta yi kaɗan, raunata shi kawai za ta yi ya tafi ya mutu a wahale, ko ya juyo kan maharbi.

Wata rana muna dawowa daga gona na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, don Allah birai ne kawai?" Ya daɗe bai amsa ba. Kowa a yankin yana tune da daren 5 ga Yulin 2022, lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje ɗaruruwan fursunoni suka tsere, ƙungiyar ISWAP ta ce ita ta yi. Kowa kuma ya san wani ƙauye da aka shiga aka ɗebi mutane. Can sai ya ce, "Mutum yana da iyali." Ban ga laifinsa ba. Amma da na kai wa Baba Saje wannan magana, bai ɓoye masa ba. Ya ce, "Alhaji, wannan harsashi 5 take ci, kowane ɗaya sai ka ja sakata. Waɗancan tasu 30 take ci, kuma ba mutum ɗaya suke zuwa ba. Ba za ta kare ka ba. Abin da za ta yi shi ne, ranar da labari ya fita cewa akwai bindigar Bature a gidanka, ka sami baƙi iri biyu, masu kaki da marasa kaki."

Kawu bai ce komai ba a ranar. Ran kasuwa mutumin ya same mu a rumfar masu doya, yana fara'a. Kawu ya ce masa yana da tambaya uku: ina takardar rajistarsa ta dillanci, mece ce lambar da ke jikin bindigar, kuma idan ɗan leɓe ya ƙare a ina ake samunsa da rasit? Mutumin ya ce bari ya je ya tambayo maigidansa. Har na baro Kuje bai dawo ba.

Bijimin yana nan a turke. Kawu ya sayi ragar waya ya kewaye gefen rafi inda gyazbi ke shigowa, ya ƙaro karnuka biyu, birai kuma har yanzu yara ke korarsu da gwangwani. Ranar da zan taho ya sa na rubuta masa kalmomin nan a bayan littafin da yake lissafin taki. Ya karɓi sakata da ƙyastu da allura, amma ya ƙi yarda da madubin hange. Ya ce madubi fuskarka yake nuna maka, wannan kuwa na wani yake nunawa, in je in tambayi malamanmu su ba shi wata kalmar.